Motar Mai Famfo Tana Yoyo

Da sunan Allah nake farawa. Ni ban iya rubutu ba, Autata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Maganar mahaifinsu zan yi, wanda duk unguwa ke kira Mai Famfo, ni kuma ina ce masa Malam.

Shekara arba'in da ɗaya muna tare. A cikinsu ban taɓa ganin ya wuce famfo yana ɗiga ya ƙyale shi ba. In muka je dubiya asibiti, ni ina ciki ina yi wa mara lafiya addu'a, shi yana bayan ɗaki a durƙushe yana ɗaure musu kan famfo. Ranar da na haifi babban ɗanmu ma sai da aka yi cigiyarsa, aka same shi a wurin alwala na masallaci da sifana a hannu. Ba shi da surutu, ba shi da faɗa. Aibinsa ɗaya ne, Allah ya yafe mana baki ɗaya: bakinsa bai iya cewa "kama mini" ba. Ya gwammace ya saɓa tanki a kafaɗa ya hau tsani shi kaɗai, ƙarti huɗu na tsaye suna kallo.

Motar tasa tsohuwa ce, ta girmi Auta. A wurin wani likita ya saye ta. Tana da taga a rufi, ta gilashi, ana zuge ta. Ni dai ban ga dalili ba, mutum ya shiga mota don ya tsere wa rana, sai kuma a huda masa sama. Shi kuwa ya samar mata amfani. Ta nan yake zuro dogayen bututu in za shi aiki. Tun daga bakin titi ake gane shi.

Shekara biyu da suka wuce hawan jini ya kayar da shi, ɓarin hagu ya shanye. Alhamdu lillahi ya tashi. Ƙafa ta dawo, hannu dai bai dawo duka ba. Ya bar aiki, amma bai bar tuƙi ba. Kullum da hantsi sai ya tayar da ita, ya tafi shagon tsoffin abokan aikinsa, ya zauna a benci, ya gaya musu abin da suka yi ba daidai ba, ya dawo kafin azahar. Fitar nan ita kaɗai ta rage masa a duniya. Ranar da bai yi ta ba, ko abinci ba ya ci.

To bana da damina ta kankama, sai motar ta fara yoyo. Kuma duk faɗin motar nan, ruwan bai ga wurin sauka ba sai kafaɗata. Ɗis, ɗis. Ƙasan ƙafata kuma ya zama tafki. Na tambayi malamar islamiyyarmu ko zan iya salla da hijabin. Ta ce ruwan sama mai tsarki ne, in dai warinsa bai canja ba. Na ce mata ya canja. Daga nan na koma tafiya da hijabi biyu.

Babban ɗanmu ya zo ranar wata Asabar, ya leƙa, ya toshe hanci.

"Baba, ruwan nan yana shiga wayoyi. Wata rana wuta za ta kama. In ba ta gyaru ba zuwa ƙarshen wata, zan ɗauke ta."

Ni dai na san ba ruwa ne damuwar yaron ba. Ya ga inda aka goge ginshiƙin ƙofar gida, ya ga madubin gefe an ɗaure shi da roba. Mutum mai hannu ɗaya da rabi yana murza sitiyari a titi. Kunya ce ta hana shi faɗa wa ubansa, sai ya laɓe bayan yoyo.

Don kada a ce bai yi ƙoƙari ba, shi ya kai ta gareji. Bakanike na farko ya bi gefen gilashin ya shafe da baƙin gam, kamar an yi wa motar kwalli. Aka yi ruwa, ta zuba. Na biyu ya ce toshewa ce, ya sa injin iska na masu faci ya hura. Aka yi ruwa, ta zuba fiye da da. Ɗana ya dawo da ita yana cewa, "Ka gani ko, Baba? Tsufa ne." Bai faɗi na wa ba.

Kwana uku Malam yana kankare gam ɗin nan da reza, da hannu ɗaya. Da ya gama ya zuge gilashin, ya hau benci, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce, kamar da motar yake magana:

"Wa ya ce musu ana tare ruwa? Ai dama an yi ta ne ruwa ya shiga. Ga kwatarsa nan a ciki, ga rami huɗu, kowace kusurwa ɗaya. Indararo ne, sai dai a ɓoye."

Ya ce in kawo buta. Na kawo ta alwalata, don ita ce a kusa. Ya samo wayar birkin keke, ya riƙa zura ta a ramin a hankali, yana juyawa, yana zarowa. Abin da ya fito sai wanda ya gani: baƙin taɓo, ruɓaɓɓen ganyen bishiyar ƙofar gida, har da gawar ƙwaro. In ya gama da rami ɗaya sai ya tsiyaya ruwa, ni kuma in durƙusa a bayan taya in gaya masa.

"Ya fito?"

"Ya fito."

Uku suka yi haka. Na huɗun, na gaba ta ɓangarena, ya zuba rabin buta.

"Ya fito?"

"Ya fito, amma a kan kujerata."

Ya ɓalle murfin da ke jikin ginshiƙin gilashin gaba, ya ɗan janye rufin ciki, na ƙyalle. Ashe iskar da bakaniken nan ya hura ce ta fizge tiyon daga bakinsa, wato siririn bututun roba da ke sauke ruwan ƙasa. Yana nan yana reto. Aikin minti biyu ne ga mai hannu biyu, ɗaya ya ɗage rufi, ɗaya ya tura tiyo. Malam ya ɗage da na dama, ya tura da na hagu, tiyo ya zille. Ya sake. Ya tokare rufin da kansa, ya zille. Ya sa haƙori.

Na ɗauko kujera na zauna a inuwa da carbina. Ban ce in taya shi ba, na san mijina. In ka ce za ka taya shi, ya fasa aikin ke nan, motar ta tafi. Yini guda ya yi. Washegari ma haka, sai salla ke sauko da shi. Na ja istigfari a kwana biyun nan wanda ban ja a wata guda ba.

Rana ta uku, bayan la'asar, bai ko dube ni ba ya ce:

"Ke, hannunki ƙarami ne."

Na ce, "Haka Allah ya yi shi."

"To zo ki gwada shi a nan."

Na ajiye carbi. Ya ɗage rufin, na zura hannu, na lalubo, na yi bismilla na tura. Ya shige. Ya ce in ƙara turawa. Na ƙara. Ya miƙo mini 'yar waya na ɗaure bakin kamar yadda ya nuna. Ya zuba ruwa, na zagaya na durƙusa, sai ga shi yana tsiyaya a ƙasa bayan taya. Bai ce sannu ba. Ya ce ɗaurin bai yi kyau ba amma zai riƙe.

Ƙarshen wata babban ya zo, har da direban da zai ja motar. Malam ya ce a kawo bokiti. Ya sa yaron ya zauna a kujerata, aka rufe gilashi, aka sheƙa bokiti uku a kan rufin. Ɗana ya fito a bushe. Ya shafa kafaɗa, ya shafa kujera, ya leƙa ƙasa. Ya tsaya yana sosa ƙeya, mutum mai 'ya'ya huɗu.

"Baba," ya ce, murya ƙasa ƙasa, "ba ruwan ba ne. Hannunka ne. Ina tsoron ranar da yaron wani zai gitta maka."

Malam ya dubi hannun nasa.

"Da ka faɗi haka tun farko," ya ce, "da ba ku ɓata mini gilashi da gam ba."

Direban ya koma can gefe yana duba wayarsa.

"Motar nan ba za ta bar ƙofar gidan nan ba."

"Ba za ta bari ba, Baba. Sitiyarin kawai za ka bari. Ga Auta, tana da lasisi."

"Wannan? Mai taka birki kamar tana kashe kyankyaso?"

Auta, rubuta, haka ya ce. Amma ya zaro makullin daga aljihu. Bai ba ta a hannu ba, ya ajiye a kan bonet ya shige gida.

Yanzu ita ke kai shi shagon, ta wuce wurin aikinta, in ta tashi ta biyo ta ɗauko shi. Yana zama a gaba, ni an mayar da ni baya. Mutumin da na ce ba shi da surutu, daga ƙofar gida har shago bakinsa ba ya rufuwa: rage, ƙara, ga rami, wa ya koya miki.

Ranar da take da aikin sassafe kuwa ba ya fita. Yakan ɗauki tsumma ya goge motar, ya buɗe ƙofa ya zauna a ciki, ƙafa ɗaya a waje, har a kira azahar. Can nake kai masa shayinsa. Wata rana ya sha, wata rana in dawo in tarar ya huce. Allah ya ba shi haƙurin abin, ya ƙara masa lafiya.