Ƙarar Motar Baba

Ina zaune a tsakar gida, ƙwaƙwalwar motar marigayi Baba, wato na'urar da ke sarrafa injin, a gabana. Gyaran rediyo na iya, ban taɓa buɗe ta mota ba.

Na tarar kafasito uku, ƙananan kayan da ke riƙe wuta, sun kumbura har sun yi yoyo. Na cire su, na liƙa sababbi da dalma, na mayar da ita cikin motar.

Ina murɗa makulli ta tashi. Inna ta fito ƙofar gida, ta dafa bango.

Na ce, "Inna, in kashe?"

Ta ce, "Bar ta tukuna. Da wannan ƙarar nake gane ya dawo daga Doguwa."

Allah Ya jiƙan magabatanmu. Ku wace ƙara ce ke tuna muku wanda kuka rasa?