Sandar Jaɓɓi

Ranar da safe ina gyaran rumbu, gero ya kusa shiga gida. Jaɓɓi, Bafulatanin da rugarsa ke bayan gonarmu, ya kawo wa Inna nono kamar kullum. Ya zolaye ta, wai ta fi shanunsa ci. Ta jefe shi da mara, suka yi dariya.

Da hantsi muka ji babura daga wajen daji. Sai harbi, ɗaya, sannan babu tsayawa.

"Ku kwanta! Ku fito da shanu!"

Na kama hannun Inna muka faɗa cikin dawa. Ƙafarta ba ta tafiya. Can muka tarar da Jaɓɓi, ba hula, ba saniya ko ɗaya. Ya miƙa mini sandarsa, ya goya Inna.

Muka nufi Zurmi. Ina bayansa ina kallon ƙeyarsa. Yaya aka yi ya san inda za mu ɓullo? Me ya sa ba jini a jikinsa? Uwata tana bayansa, ni kuma wannan nake saƙawa. Allah Ya yafe mini.

Bayan la'asar muka iso shingen bakin gari. 'Yan sa-kai ne, da motar jami'an tsaro a gindin itacen bedi. Suka sa Jaɓɓi ya sauke Inna.

"Kai, koma gefe! Wa ya san wanga?"

Ni ne na san shi. Tare muka yi kiwo muna yara. Na dubi bindigogin, na dubi ƙasa.

"Ɗana ne!" in ji Inna. Muryarta ba ta kai ba.

Suka ɗaure shi da rawanin wani, suka zagaya da shi bayan wani kango. Jami'an suna zaune cikin motarsu. Ɗaya ma ya ɗaga gilashi.

A makarantar da aka sauke mu, manya sun zo da shinkafa da masu ɗaukar hoto. Wani mai babbar riga ya ce gwamnati ta sa hannu a wata takarda tare da ƙasashen duniya, ba a hukunta ɗan Adam sai an kai shi gaban alƙali, kowane ne shi. Aka tafa. Na dubi masu tsaronsa ko zan gane na cikin motar. Ban tambaye shi ba ko takardar ta san hanyar bayan kango. Ni ma da aka tambaya a shingen ai shiru na yi.

Da aka yi wa mamatan garinmu addu'a, ba a ambaci Jaɓɓi ba. Inna ba ta ƙara shan nono ba. Da sandarsa take zuwa alwala.