Salular da Na Bayar Sadaka

Ƙanena ya rasu wata ranar Laraba cikin bazara, bayan zazzaɓin kwana huɗu. Ya bar mata ɗaya da ɗiya huɗu, babbar ba ta kai shekara goma sha ɗaya ba. Gona ba shi da ta kirki, don shi ba manomi ba ne. Mu uku ne wurin tsohonmu. Babban yayanmu, Alhaji, yana Gidan Rumji yana sayar da hatsi. Ni ina nan ƙauyenmu tsakanin Gazawa da Gangara, ina noman aya da gero, rani kuma in yi kabu-kabu da moto. Marigayi shi ne ya yi lakol, karatun boko, a cikinmu. Ni aji biyu na yi aka fiddo ni kiwo.

Sana'arshi a zauren gidanshi take. Yana da odinatar, wato kwamfuta, irin wadda ake naɗewa, da injin buga takarda, da fano ɗaya na hasken rana bisa rufi. Mai son wasiƙa zuwa meri, ofishin magajin gari, mai son katin biki ko na suna, malaman lakol masu son tambayoyin jarrabawa, duk nan suke zuwa. Matarshi ta yi koleji kafin aure, ita ke taya shi rubutu idan aiki ya yi yawa. Babu igiya tsakanin odinatar da injin. Ramin da ake soka igiyar ya karye tun tuni, sai marigayi ya haɗa su ta iska. Ya danna nan, takarda ta fito can. Na sha gani, ban taɓa tambayar yadda abin yake ba.

A garinmu, wanda ya wanke gawa ana ba shi tufafin mamaci sadaka. Baba Ladan, tsohon da ke kiran salla a masallacin unguwarmu, shi ya wanke ƙanena. Ranar uku na shiga zauren, na tattara riga biyu da hula da takalmi. Bisa kabad na ga wata tsohuwar salula mai fasasshen gilashi, an ɗaure ta da roba, tana jone da caja. Mai kyau, wadda aka samu aljihun marigayi, an riga an ajiye ta cikin kayan gado. Na ce wannan tarkace ce, ko fitilarta ta yi wa tsoho amfani. Na cire ta na sa cikin aljihun rigar, na kai mishi. Ban shawarci kowa ba.

Ranar bakwai Alhaji ya tara mu. Ya ce yadda aka saba: idan matar ta gama takaba ta koma gidan iyayenta da na goye, shi ya ɗauki biyu, ni in ɗauki ɗaya, injuna a sayar. Matar tana bayan labule, don ni da Alhaji surukanta ne, ba ta zama gabanmu. Daga can ta ce:

"Alhaji, a yi mini haƙuri in yi magana. Na iya aikin. Idan aka bar mini injin, zan riƙe su a ɗakin ubansu."

Alhaji ba mugu ba ne, amma mutumin kasuwa ne. Ya ce to, zai dawo ranar sadakar arba'in. Idan ya tarar inji na aiki, mutane na zuwa, a bar yara wuri ɗaya. Idan ya tarar da ƙarfe zaune, a yi yadda ya faɗa.

Bayan ya fita ta kira ni a hankali.

"Yaya, akwai wata salula bisa kabad, ko ka gan ta?"

Na gaji, kwana bakwai ina karɓar gaisuwa. Na ce mata, "Mijinki na ƙasa ko kwana goma bai yi ba, ke salula kike tambaya?" Ba ta sake tada maganar ba, ni ma na manta da ita.

Aka mayar mata da injunan ɗakinta, tunda ba ta fita. Mushe, malamin lakol ɗinmu, ya aiko da tambayoyin jarrabawa don ya taimaka mata. Ta rubuta su tsaf. Ta danna, takarda ba ta fito ba. Injin ya kunnu, yana ƙugi kamar kullum, amma wata ƙaramar fitila shuɗiya tana ta ƙiftawa ba ta tsayawa.

Daga nan wahala ta fara, kuma ni ta faɗo wa, don ni ne kusa. Na kashe na kunna. Na cire wuta na mayar. Na buɗe murfi na hura da bakina, na goge ciki da gefen rawani. Wani ya ce tawada ce ta bushe, na je Gazawa na sayo sabuwa, muka zuba, shiru. Na jawo teburin na haɗa su jiki da jiki, wai ko nisa ne ya yi musu yawa. Na fito da su fili ƙarƙashin itacen bedi, na ce ko bango ke tare iskar. Mushe ya zo da kanshi, ya sa tabarau, ya karanta abin da odinatar ta rubuta da Faransanci.

"Ta ce injin ba ya kan layi."

"Ga shi gabanta, Mushe. Makauniya ce?"

"Ni dai abin da ta ce na faɗa maka. Lissafi nake koyarwa."

Ya karɓi tambayoyinshi ya je ya rubuta a allo da alli. Masu katin biki suka zo sau ɗaya, sau biyu, suka koma Gazawa. Mata kuma suka fara magana. Wata ta ce injin ya san mai shi, ba zai yi wa mai takaba aiki ba. Wata ta ce da ma ƙarya take, ba ta iya komai ba, mijin ke rufa mata asiri. Matata da kanta ta fara share ɗakin da za ta sa yaron da zai zo hannunmu. Ban hana ta ba. A raina ni ma na fara yarda da su.

Abin da ya tsaya mini shi ne, duk lokacin da na shiga gidan da hantsi sai in ji ƙarar danna odinatar daga ɗaki. Ta danna, ta jira, ta sake dannawa. Yaran suna zaune bakin ƙofa suna kallon bakin injin. Sun ji abin da Alhaji ya ce, yara ba kurame ba ne. Na biyun, namiji, ya tambaye ni ko Gidan Rumji da nisa. Na ce mishi ya je ya ba akuya ruwa.

Saura kwana biyar arba'in na naɗe injin da bargo, na ɗaure bayan moto, odinatar cikin buhu a ƙirjina, na nufi Gazawa. Kafin in fita matar ta ce daga bayan labule, "Yaya, don Allah kar ka bari a wanke odinatar. Takardun mutane na ciki." Ban san ana wanke ta ba, amma na riƙe maganar.

Akwai wani mai gyaran salula kusa da tasha, sa'ana ne, tare muka yi kiwo. Da ya gan ni ina kwance bargo sai ya yi dariya.

"Kai kuma? Jaki ya gaji da kaya ya koma aikin takarda a buro?"

"Duba mini, ba wasa ya kawo ni ba."

"Mu wanke ta kawai mu zuba sabon ciki."

"Ka wanke ta, ni da kai sai jandarma."

Ya ga fuskata, ya bar dariyar. Ya jona su, ya daɗe yana latse-latse. Can ya ce, "A gida wa ke ba su rezon da ke haɗa su?"

Na ce babu kowa, ta iska suke yi.

"Iskar ma da mai ita. Ka ga waɗannan biyu, ba su magana baki da baki. Kamar kai ne da surukarka, sai da ɗan aike a tsakani. Wannan ta faɗa mishi, shi ya kai wa wancan. Ɗan aiken nan suke nema su duka biyu. Ga sunanshi ma."

Ya juyo mini gilashin. Karatuna bai da yawa, amma na gane baƙaƙen, sunan babbar ɗiyar marigayi ne.

"Salula ce ya raɗa wa wannan suna. Wadda ba ta barin ɗakin. Babu wata tsohuwa da yake bari jone da caja?"

Na zauna bisa bencinshi.

Na tambaye shi ko za a iya sa wata a madadinta. Ya ce odinatar ba ta da wuya, amma injin sai an sanar da shi sabuwar, ga ramin igiya a karye, ga maɓallin da ake sanar da shi da shi ya nutse ciki. Sai dai in kai Maradi in bari mako guda, kuma bai yi mini alkawari ba. Daga baya na ji an ce akwai hanya mai sauƙi wadda shi ma bai sani ba. Wataƙila. Ranar dai abin da muke da shi ke nan. Na ɗaure kayan na mayar da su gida.

Kwana biyu na yi ina kewaya gidan Baba Ladan. A garinmu ba a karɓe sadakar da aka riga aka bayar. Tun muna yara ake gaya mana mai yin haka kamar wanda ya koma ya lashe amanshi ne. Kuma ba tawa ba ce ma, da sunan mamaci na bayar. Idan na karɓe, na cire wa ƙanena abin da na aika mishi. Idan na bari, a raba ɗiyanshi uku. Na yi tunanin in aika matata, na ga wannan ragwanci ne. Na yi tunanin in ce sayen ta zan yi, na san tsohon zai ji kamar na mare shi.

Ranar ta uku bayan la'asar na same shi ƙofar gida yana gyaran igiyar guga. Na durƙusa na gaishe shi. Na faɗa mishi komai, har da abin da na ce wa matar. Ban yi kwana-kwana ba, ban iya ba.

Ya ajiye igiyar. Sannan ya ce, "Ɗan nan, tun kana ƙarami hannunka ke riga kanka."

"Haka ne, Baba."

"Ba zan mayar maka ba. Abin da aka ba ni don mamaci ya riga ya isa inda za shi, ba ni da ikon kiran shi ya dawo, kai ma ba ka da shi."

Na ce to, na yunƙura zan tashi.

"Zauna. Yanzu ta wa ce?"

"Taka ce."

"To mai abu yana ba wanda ya so. Kai ba zan ba ka ba. Marayu zan ba, sadakata, da hannuna. Ɗauko mini sandata."

Ya shiga ya fito da ita naɗe cikin tsumma. Bai taɓa kunna ta ba, ya ce tsoron ta yake, kar ta yi magana da muryar mai ita. Muka taka har gidan, yana gaba ina baya. Ya yi sallama, ya kira babbar yarinyar, ya sa mata a hannu, ya yi addu'a ya juya.

Batir ya mutu, sai da muka jona ta muka jira. Ina tsugune tsakar gida, uwar yaran na ciki. Da salular ta kama, uwar ce ta san inda ake taɓawa, ashe ta sha ganin mijin yana yi. Shuɗiyar fitilar ta ƙifta, ta ƙifta, ta tsaya cak. Injin ya ja numfashi ya haɗiye takarda.

Ba ɗaya ya fitar ba. Duk abin da ta danna cikin kwanakin nan ashe yana jere yana jira. Tambayoyin Mushe suka yi ta fitowa, shafi ɗaya, iri ɗaya, wani bisa wani, har suka zubo ƙasa. Yaran na tsincewa suna ihu. Ni ina kallon yawansu, kowane ɗaya dannawa ce da ta yi tana zaune ita kaɗai, ta san abin da ya ɓace, kuma na rufe mata baki. Bai tsaya ba sai da takardar ciki ta ƙare.

Ranar arba'in Alhaji ya zo. Bayan an shafa fatiha, kafin ya tambaya, na miƙe gaban mutane na ce injin lafiyarshi lau tun farko, matar ma ta iya aikinta, ni ne na ɗauke abin da ke haɗa su. Wasu suka sunkuyar da kai. Alhaji ya dube ni ya ce, "Kai dai ba ka canzawa." Ya sa aka rubuta mishi wasiƙa zuwa wani abokin cinikinshi, yana faɗa tana bugawa daga bayan labule. Takardar ta fito da ɗumi. Ya juya ta, ya ba Mushe ya karanta mishi, ya linke ya sa aljihu.

"A bar su nan," ya ce. "Idan abin ya gagara, kai ke kusa, kai za ka sanar da ni."

Da mutane suka watse na tsaya bakin labulen. Na ce, "Ƙanwata, maganar da na yi miki ranar bakwai, ki yafe mini."

Na ji motsinta, na ji na goye yana tsotso. Sannan ta ce:

"Allah ya yafe mana duka, Yaya. Idan za ka Gazawa gobe, a sayo takarda. Mutum biyu sun kawo aiki."