Matar da Na Yi wa Tsawa a Motar Funtuwa

Wata rana na shiga motar haya daga Funtuwa zan je biki Zariya. Na sha kwalliya, na shafa sabuwar humra har da ƙari.

Ina zama, matar da ke gefena ta ja hijabi ta toshe hanci.

Na yi kamar ban gani ba.

Ta sauke gilashi. Ta fito da 'yar leda tana tofa yawu, tana tsotsar lemon tsami. Kafin mu kai Giwa, sau biyu tana roƙon direba ya tsaya ta kama ruwa.

Raina ya gama ɓaci. Na juyo, na ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Baiwar Allah, idan wari nake miki, ki sayi motarki mana! Tun ɗazu kin ishe mu da ƙazanta."

Wasu suka yi dariya. Ta sunkuyar da kai, ta rufe gilashin don kada ta ƙara ɓata mini rai.

Ba a yi minti goma ba amai ya ƙwace mata. Jikinta ya saki, gumi ya jiƙe mata fuska. Direba ya gangara gefen titi.

Wata tsohuwa ta riƙe ta tana shafa mata ruwa, sannan ta dube ni:

"'Yar nan, ke ba ki taɓa haihuwa ba ne?"

'Ya'yana huɗu. Kowanne sai da na yi laulayinsa.

Matar ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "Anti, ki yafe ni. Turarenki mai daɗi ne. Ko ƙanshin girkina ba na iya shaƙa yanzu. Shekara tara ina roƙon Allah, sai bana. Awon farko zan je."

Ita ce ma take ba ni haƙuri!

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige.

Har ta sauka a ƙofar asibiti ban nemi gafararta ba. Ko sunanta ban tambaya ba.

Darasi: Tashin zuciya, yawan tofar da yawu, ƙin ƙamshi da yawan fitsari ba iyayi ba ne, sau da yawa alamun ƙaramin ciki ne. Kafin ki yi tsawa, ki ce "sannu".

Ku yaɗa, don Allah. Wataƙila ya isa gare ta, ta san ina neman gafararta.