Tukunyar da Hannu Ya Zaɓa

Mu huɗu ne a bayan gida ran nan: ni, da 'yata ta fari, da mijinta, da babbar jikata wadda iyayen saurayinta za su zo gaisuwa bayan sati uku. Asabar ce, zafi ya fara sauka a McLeansville, na shanya ɗan tsiron dawa a kan tabarma don gwaji. Warin tsiron nan, mai ɗan zaƙi da ɗan tsami, shi ya mayar da ni gidan kakata ina tsaye da ƙafafuna a Amurka.

Ku da kuka tashi nan ba ku san burkutu ba sai a baki. A garinmu ba a karɓar surukai da ruwan kwalba. Ƙwarya ake miƙa musu, su kurɓa, su san irin gidan da suka shigo. In ya yi ƙauri ko bai isa ba, ba wanda zai ce uffan, amma za a tafi da maganar. Mutum ashirin muke jira, tukunyata kuwa ta miya ce, ko rabinsu ba za ta shayar ba.

Surukina mutumin kirki ne, sai dai gaggawa. Ya fito daga gareji yana jan wata ƙatuwar kula ta roba, ya ce abokin aikinsa da ita yake jiƙa hatsin giyarsa.

"Mama, galan goma take ci. An gama magana."

Na ce, "To, ɗana. A ina za ka hura mata wuta?"

Ya tsaya yana kallon kular. 'Yata ta juya baya tana dariya.

Ina 'yar shekara takwas ko tara kakata ta tafi da ni sayen babbar tukunya. Bayan girbi ne, rumbuna sun cika, tsohuwar tukunyarta ta yi mata kaɗan. Muka taka har ƙauyen magina, ƙafata duk ƙaya. Maginiya ta jera manyan tukwane a rana, ni idona yana kan wata doguwa mai zane a wuya. Kaka ba ta ko dube ta ba. Sai ta zura hannu cikin kowace tukunya, ta shimfiɗa tafinta a gindi. Wadda bakinta ya wuce hammatarta, ta wuce ta. Wadda ta yi daidai, sai ta zagaya cikinta da tafi a hankali, ido rufe, kamar mai laluben ciwo a jikin yaro.

Na gaji na ce, "Kaka, waccan ta fi girma."

Ta ce, "Girman da muciya ba ta kai gindinsa ba, ƙauri ne."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Sauran na gane shi a bakin murhu, shekara da shekaru. Ƙullin tsiro yana da nauyi, yana son kwanciya. Duk inda ya sami lungu a gindin tukunya, nan zai maƙale ya ƙone, kuma ƙauri ɗan kaɗan ya isa ya ɓata aikin kwana bakwai. Ga shi in ya tafasa yana tasowa da kumfa, dole a bar masa taƙi guda a sama. Na tuna hayaƙin ɗorawa yana shiga idona, Kaka tana tsaye a kaina, kunnenta kawai yana bin ƙarar muciya a gindin tukunya. In ƙarar ta canza, rankwashi ne.

Da rana surukina ya kai mu wani kanti a Greensboro inda ake sayar da kayan masu dafa giya a gida. Tukwanen ƙarfe ne dogaye suna walƙiya, da famfo a gefe, da wani tsinke mai auna zafi a ciki. Na naɗe hannun rigata na zura.

"Mama, don Allah, mutane na kallo," in ji 'yata.

Na ce su kalla. Ta farko ta haɗiye ni har kafaɗa ban taɓa gindi ba. Ta biyu na taɓa, amma gindin shimfiɗaɗɗe ne, lungu zagaye da shi, ga tsinken nan ya tokare hanyar muciya. Mai kantin ya tambayi jikata me nake nema. Ta yi masa bayani da Turanci, ni ina nuna masa da hannu, kamar ƙwarya. Ya yi murmushi, ya kwatanta mana wani shagon manoma a hanyar Summerfield.

Can muka same ta ajiye a ƙasa, tukunyar ƙarfe baƙa, mai zagayayyen gindi da ƙafafu uku, irin wadda mutanen nan ke dafa miyar taro a waje. Na durƙusa na zura hannu. Bakinta ya tsaya mini ƙasa da hammata, tafina ya zagaya bai ci karo da komai ba.

Surukina ya ce, "Ba ki ma tambayi galan nawa take ci ba."

Na ce, "Ɗauko."

Mutum biyu suka sa ta a mota. A hanya yana ta lissafi a wayarsa, can ya ce ashe za ta isa har da saura. 

Na sani ba ta ƙasa ba ce, kuma gas za mu kunna ba itace ba. Jikokina ba za su taɓa taka ƙauyen magina ba, ban ma san ko har yanzu ana gini a can ba. Amma raina bai ɓaci ba. Baƙina za su sha abin da ba zan sunkuyar da kai a kansa ba.

Washegari kafin a tafi coci na goge man da aka shafe ta da shi da toka, na tafasa dusa a ciki sau biyu na zubar. Na uku na ɗanɗana, ba ɗanɗanon ƙarfe. Sai na aika wa uwar saurayin cewa in akwai wasu dangin da suka rage, ta taho da su.