Alƙur'anin da ke cikin silin ɗin Yaya Mutawakil

Shekara talatin da shida ina aikin kafinta a unguwannin Nima da Maamobi, kuma rabin rufin kwanon layinmu ni na buga shi. Amma ɗaki guda ne mai shi ya hana ni hawa samansa har shekara takwas, ɗakin maƙwabcina Mutawakil tela. Ya girme ni da shekara goma, shi ya sa nake ce masa Yaya. Shi kuwa bai taɓa kiran sunana Muftahu ba, sai dai Kafinta, kamar a garin ni kaɗai ke riƙe guduma.

Mutum ne siriri, mai sanyin murya, mai taurin kai na ƙin ƙarawa. A ƙofar gidansu yake ɗinki, jallabiya da kaftani, da tsohon keken da ya saya tun yana saurayi. Matarsa ta riga shi rasuwa, 'ya'yansa biyu suna Kumasi, sai jikarsa Shifa da ya riƙe tun tana rarrafe. Ba shi da wata dukiya. Gidan ma na gado ne, ɗaki biyu ne rabonsa, sauran na 'yan uwa da 'yan haya.

Abu ɗaya yake da shi wanda yake ji da shi. Mahaifinsa, Malam Ishawu, ya rubuta Alƙur'ani cikakke da hannunsa, da alƙalamin kara da tawadar gida, irin wadda ake dafawa da ƙaro. Shekara uku ya ɗauka yana rubutun. A warƙa ta ƙarshe ya jera sunayen kakanninsa tun daga wanda ya fara zuwa Salaga da fatauci, da ranar haihuwar kowane ɗansa. Malam bai yarda an ɗauke shi hoto ba har ya koma ga Allah, saboda haka rubutun nan shi kaɗai ya rage wa Mutawakil na ubansa. A cikin gafakar fata yake, kuma burin Yaya ɗaya ne, ranar walimar saukar Shifa ta yi karatu a cikinsa gaban malamai.

Mu mutanen nan, ruwan da muke tsoro daga ƙasa yake zuwa. Kwata ta cika, ta tumbatsa, ta shigo ɗaki da duk ƙazantar unguwa. Shi ya sa kowa ke ɗaga kayansa sama, katifa kan benci, akwati kan kabad. A babban ruwan 2015 ruwa ya kai ƙugu a gidansu, Yaya ya tsaya kan teburin yanka da gafaka a ka har ruwan ya janye. Washegari ya kira ni ya ce in ɓalle katakon silin guda, daidai saman gadonsa. Ya yi alwala, ya naɗe gafakar da farin ƙyalle, ya hau tsani ya ajiye da kansa. Na ce a sa a leda, ya ce fata ba ta son leda, gumi take yi. Ni na mayar da katakon, ni na buga ƙusoshin, kuma har yau wannan yana ci mini rai.

Shekara biyu bayan haka na shiga ɗakinsa karɓar ɗinki, damina ta sa ya shigar da keken ciki, na ɗaga kai na ga tabo a silin, ruwan ƙasa-ƙasa, faɗinsa kamar murfin kofi. Ɗaga kai cutar kafinta ce, ko masallaci na shiga sai na duba sama.

"Yaya, rufinka ya fara yoyo."

"Ɗigo ɗaya bai taɓa sauka a gadona ba," ya ce, ko kallona bai yi ba.

"Ai shi ne abin tsoron. Ruwan da bai sauko ba, yana can sama yana zaune. Bari in hau in duba."

Nan ya tsayar da keken. "Ka hau ina? Ka taka saman littafin Allah da ƙafarka?"

Na ce to in cire takalmi. Ya ce ƙafa ai ƙafa ce. Na ce to a sauko da shi na yini ɗaya, in gyara a mayar. Ya ce damina ce, ba zai sauko da shi ƙasa ba ruwa na iya shigowa kowane lokaci, a bari rani ya yi. Da rani ya yi na koma, ya nuna mini silin ya ce ga shi nan a bushe, me za a gyara? Haka muka yi ta zagaye kamar jakin niƙa, shekara da shekaru.

Kuma rufin bai ɓoye masa komai ba. Tsatsa ta fara zubo jan layi a bangon waje. Kan ƙusoshi ya cinye, iska ta fara ɗaga bakin kwanon, sai ya sa aka tura tsohuwar taya da duwatsu da dogon gora daga ƙasa, don kada kowa ya hau. Na ce nauyin nan lanƙwasa kwano yake yi, ruwa ya sami wurin kwanciya, ya ce kowa a Nima haka yake yi. Tabon ya girma ya kai faranti, ya kai tire. Duk jajibirin Sallah sai ya sayo farin fenti ya shafe shi tas, ya kira ni in gani, wai ya warke. Ɗakin ya fara warin rima, Shifa ma ta faɗa masa, ya ce a ƙara turaren wuta. Daga baya katakon ya yi ciki, ya sauko kaɗan.

Ran nan na yi fushi na gaske. Na ce, "Yaya, wallahi kana cutar kanka, ba ladabi ba ne wannan, taurin kai ne." Ya kalle ni ya ce, "Kafinta, kai katako ka sani." Wata biyu ba mu gaisa ba sai a sahu. Ya kamata in ɗauko guduma in ɓalle silin ɗin da ƙarfi, ya yi fushinsa ya gama. Ban yi ba, na ji nauyin girmansa.

Shifa ta sauke tana da shekara sha bakwai. Aka sa ranar walima, Lahadi, aka yi hayar rumfa da kujeru, 'ya'yansa suka taho daga Kumasi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya ya aiko mini in zo in buɗe silin ɗin. Na tarar ya yi alwala, ya sa farar jallabiya, fuskarsa sai annuri. Na kafa tsani, na sa bakin guduma a ƙusa ta farko, sai katakon ya ɓurme a hannuna kamar jiƙaƙƙen burodi. Baƙin ruwa ya zubo mini a hannun riga. Ta cikin ramin na hango hasken rana yana shigowa ta huji ya fi goma.

Bai bari na taɓa Alƙur'anin ba. Da gwiwoyinsa masu ciwo ya hau ya sauko da shi. Farin ƙyallen ya koma baƙi, gafakar ta yi fumfuna, igiyarta ta tsinke da ya ja. Ya zauna bakin gado ya buɗe. Takardun sun manne sun zama dunƙule ɗaya. Irin tawadar nan ta malamai an yi ta ne don ta wanku a allo, ba ta jure ruwa ko kaɗan. Ya sa farce a hankali ya ɗaga warƙa ɗaya, ba komai sai toka-toka. Ya ɗaga wata, haka. Ya juya ƙarshe yana neman sunayen, nan ne ma ruwan ya fi zama.

Shifa tana tsaye bakin ƙofa. Ta ce, "Kaka, ba komai, zan karanta a nawa." Ya gyaɗa kai. Bai yi kuka ba, ni ne na yi, ƙato da ni, a gindin tsani.

Ya daɗe yana shafa takardar da tafin hannu. Sai ya ce, "Yanzu ko harafi ɗaya na Baba ba zan iya nuna mata ba." Ya ɗago ya dube ni. "Hau ka gyara, Kafinta. Babu komai a ƙarƙashinka."

An yi walima ranar Lahadi, Shifa ta karanta a Alƙur'ani bugun kanti. Ranar Litinin na hau. Kwano biyu na canza da katako ɗaya, ban kai la'asar ba na gama. Yaya ya ƙara wata bakwai a duniya yana kwana ƙarƙashin gyararren rufin, kuma bai sake ɗaga kai ya dube shi ba.