Bishiyoyin da Suka Rage a Gandun Basha

Shekarar da maigidana ya koma gida tattara bayanan digirinsa, ni kaɗai ya bari a unguwar Hayyin Ashir, a ƙasar Larabawan da yake karatu, a wani ɗaki can saman bene. Wata biyu ya ce zai yi, sai tafiyar ta miƙe. Larabcina bai wuce na sayen tumatir ba. Wata rana har magariba ba na jin muryata sai a salla.

Matar wani ma'aikacin jakadanci, 'yar wajenmu, ta ji labarin na iya dambu, ta ce in riƙa zuwa gidanta a unguwar Zamalek duk Laraba ina yi mata girki. Tana da kirki, sai dai ba mai hira ba ce. In na gama ba na marmarin komawa ɗaki, sai in yi ta zagaya layuka.

Haka na tarar da bishiyoyin. Uku ne, a matse tsakanin dogayen gidaje, kamar cediya amma sun ninka ta girma. Saiwoyi sun sauko daga rassa sun nutse a ƙasa, sun farfasa daɓen titi. Motoci ne ke cin moriyar inuwar, sai wata tsohuwa mai baƙar abaya da ke zama a kan wata ƙatuwar saiwa.

Zuwana na uku ta matsa mini wuri, ta zuba mini gyaɗa a tafin hannu. Da Larabci a hankali, da nuni da hannu, ta fahimtar da ni cewa duk wurin nan da gandun wani basha ne, wato babban mai sarauta. Mahaifinta ne ke ba itatuwan ruwa, a nan aka haife ta. Daga baya aka yanka gandun aka sayar, aka sare mangwaro da lemo, waɗannan kaɗai aka bari. Yanzu a tsallaken kogi take, sai ta hau bas ta zo.

Ni ma na ba ta labarin gonar kakana da aka mayar filaye, da ɗorawarmu da ta koma cikin katangar wani baƙo. Da Hausa na faɗa, har na ƙare ba ta katse ni ba.

"Ma'alish, 'yata," ta ce, wato in yi haƙuri, ta dafa gwiwata.

Muka saba. Yawanci shiru muke yi, ana kiran la'asar mu rabu.

Da sanyi ya shigo ta daina zuwa. Na tambayi mai gadin gidan da ke kusa, ya ce tsofaffi da yawa suna zama a nan, wacce daga ciki? Sai a lokacin na tuna Hajja kawai nake ce mata.

Da maigidana ya dawo na kai shi wurin. Ya ɗaga kai ya duba, ya ce lallai sun tsufa, sannan ya ce mu yi sauri kafin hanya ta cunkushe. Na bi bayansa muka tari tasi.